Fom ɗin da ake tambayarka ko kai wane ne

A jami'ar da nake aiki a nan Kanada, da zarar sabon ma'aikaci ya gama da takardun albashi da na inshorar lafiya, sai wani fom ya biyo baya ta imel daga ofishin kula da ma'aikata. Gajere ne ƙwarai. Mace ce ke? Kina cikin 'yan asalin ƙasar nan, irin su Inuwit da Metis da ƙabilun da Turawa suka tarar? Kina da wata nakasa, ta fili ko ta ɓoye? Kina cikin tsirarun da ba farar fata ba? A ƙarƙashin kowace tambaya akwai gurbin "ba na son amsawa". Ba mai tilasta ki, ba kuma mai neman shaida.

Ni ina cikewa, kuma ina yi wa mutanenmu nacin su cike. Amma na fahimci masu noƙewa. Wanda ya taso a Najeriya ya san abin da tambayar "ɗan ina ne kai" ke jawowa. Tun kundin tsarin mulkin 1979 muke da batun raba daidai, har aka kafa masa hukuma a 1996, kuma kowa ya san wanda aka haifa a gari, ya girma a garin, amma takardar indijin ta gagare shi saboda kakansa daga wani wuri ya zo. To mutumin da ya sha wannan, ka miƙo masa takarda ka ce ya rubuta launin fatarsa, dole ya tsaya ya kalle ka.

Asalin abin a nan daban ne. A 1984 wata alƙaliya, Rosalie Abella, ta miƙa wa gwamnatin tarayya rahoton da ya nuna rukunin mutane huɗu da ake bari a baya wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma, waɗancan huɗun da ke cikin fom ɗin. A 1986 aka yi doka, aka sabunta ta a 1995. Jami'o'i a ƙarƙashin larduna suke, don haka ta wata ƙofa dokar ta shigo musu: duk ma'aikatar da ke da mutum 100 ko fiye, ta kuma karɓi kwangilar tarayya ta dala miliyan 1 zuwa sama, wajibi ne ta ƙirga ma'aikatanta. Ana so aƙalla kashi 80 cikin ɗari su amsa. Sai a ɗauki abin da aka samu a gwada da alƙaluman ƙidayar jama'a, aji-aji na aiki: shugabanni daban, malamai daban, masu aikin ofis daban, masu aikin ƙarfi daban. Inda aka ga giɓi, jami'a ta faɗi yadda za ta cike shi. Dokar ba ta ware wa kowa kujera ba, ta ma ce ba a tilasta ɗaukar wanda bai cancanta ba.

Abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba shi ne, in ban da rukunin mata, wanda ya bayyana kansa kaɗai ake ƙirgawa. Ko da shugabar sashenka na ganinka kullum da baƙar fatarka, ba ta da ikon rubuta ka. In ka yi shiru, a lissafi babu kai a rukunin.

Na yi wa wani dattijo wannan bayanin a ɗakin cin abinci. Bahaushen zangon Kumasi ne, yana aikin gyaran famfo da na'urar ɗumama ɗaki, hularsa ta sanyi ba ta barin kansa ko a cikin gini. Ya saurare ni har na dire, yana juya cokali a kofi, sannan ya ce, "'Yata, launin fata ai ba ɓoyayye ba ne, su rubuta. Ta nakasar nan ce ban yarda da ita ba. Bayana na ciwo, ina shan magani. Yau in rubuta, gobe a zo rage ma'aikata, wa za a fara dubawa?"

Na ce, "Baba, amsar ba ta shiga fayil ɗinka. Mutum ƙalilan ne ke ganinta, a jimlace ake fitar da ita, kuma shugabanka ba ya ciki."

Ya ce, "Haka suka ce."

Ban iya musa masa ba. Ka'idar haka take, amma amana ba a imel ake gina ta ba, balle ga mutumin da aikinsa na hawa tsani ne, ba zaman gaban kwamfuta ba.

Ni kuma ƙorafina wani ne. Akwatin tsiraru ya yi faɗi da yawa. Ni da farfesan da iyayensa suka zo daga Sin da injiniyar da ta zo daga Indiya duk a tukunya ɗaya aka zuba mu. Sai jami'a ta fito ta ce ta cike gurbinta, alhali in ka leƙa taron shugabannin tsangayoyi da ƙyar ka ga baƙar fata. Wani kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ya soki wannan rarrabawa tun 2007. A ƙarshen 2023 kwamitin da Farfesa Adelle Blackett ta jami'ar McGill ta jagoranta ya ba da shawarar a ware baƙar fata a matsayin rukuni mai zaman kansa, kuma jami'o'i da dama sun riga sun fara tambaya dalla-dalla, musamman bayan yarjejeniyar Scarborough ta 2021 kan yaƙi da wariyar da ake yi wa baƙar fata. Wannan ya yi mini. Addini kuwa ba ya cikin rukunan huɗu. A ganawar neman aiki, hijabina ake fara kallo kafin fuskata, amma dokar ba ta ƙirga wannan.

Akwai kuma matsalar da ke ɗaya gefen. Tunda ba a neman shaida, an samu waɗanda suka yi da'awar asalin da ba nasu ba, suka ci kujeru da kuɗin bincike da aka tanada don 'yan asalin ƙasa. Bayan irin wannan zargi ya taso kan wata farfesa a jami'ar Saskatchewan a 2021, jami'ar ta fito da tsarin tantancewa inda al'ummomin kansu ke faɗin wace shaida za a karɓa. Da na ji, takardar indijin ta faɗo mini a rai, gabana ya ɗan faɗi. Sai dai tantancewar ta shafi mai neman wani gurbi ne da sunan asalinsa, ba fom ɗin ƙidaya ba.

A taron ƙungiyar ma'aikata na baya na nemi ofishin ya daina dogaro da imel, ya aiko mutum ya zauna da masu gyara da masu aikin dare a lokacin hutunsu, da fom na takarda da ambulan mai rufewa, ya faɗa musu ƙarara wa ke buɗewa da inda ake ajiyewa. An rubuta a takardar taro, an ce za a duba. Baba dai ya amsa uku, ya bar ta nakasa a buɗe.