Yadda na gwada layuka uku a shagona kafin na tsayar da ɗaya

Ni dai ɗan shagon kwamfuta gare ni a Samaru nan Zariya, muna yi wa ɗalibai rajista, ga POS a gefe. Wata rana wani yaro yana cikin biyan kuɗin rajista shafi ya tsaya cak, kuɗi sun fita rasit bai fito ba, babansa ya zo har shago ransa a ɓace, kuma wallahi da gaskiyarsa. Daga ranar na ce sai na auna netwok ɗin nan da kaina.

Layuka uku na sa a gwaji, sati biyu. Da farko Speedtest, wato manhajar auna gudun intanet, kawai nake bugawa, wanda ya kawo lamba babba in ce shi ne gwani, ashe ba nan gizo ke saƙar ba. Ƙanena da ya karanci kwamfuta shi ya nuna min ping, wato tura ɗan saƙo a ga ko amsa za ta dawo, ka buɗe cmd (tagar rubuta umarni a kwamfuta) ka rubuta ping 8.8.8.8 -t ka bar shi yana ta tafiya, duk sanda ya ce Request timed out to saƙo ya ɓace a hanya kenan. Na samu littafi ina rubutawa safe, azahar, da bayan isha'i.

To a nan abin ya fito fili. Layin da ya fi kowa gudu da safe, da an yi magariba kowa ya hau waya sai ya dinga yankewa, shi ko wanda na raina gudunsa kaɗan ne amma ba ya sakin hanya, kuma ita rajista ba gudu take so ba, so take kar a yanke ta a tsakiya. Har lissafi na yi, in aka ce maka abu na aiki kashi 99 cikin 100, a wata mai kwana 30 awa 7 da ɗoriya kenan babu sabis, ka ga in suka faɗo ranar rufe rajista ai an shiga uku.

Wani abin kuma ashe rabin matsalar a shagona take, rauta, wato na'urar raba intanet, na kashe kanta duk sanda aka ɗauke wuta kafin janareta ya tashi, sai da na haɗa mata ƙaramin batir.

Na tsayar da mai jinkirin, amma ban yar da na biyu ba, don ban manta 14 ga Maris 2024 ba, ranar da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace wajen Kwaddibuwa, har bankuna suka rikice. Yanzu duk Asabar kafin in buɗe ƙofa sai na bar ping ya yi minti goma a kowane layi.