Kafin ki ɗauki jaka ki ce ke kaɗai za ki Kwatano

Ɗiyar ƙanina ce ta sa ni wannan rubutun. Tana sayar da atamfa da leshi a status na WhatsApp, kasuwa ta ɗan fara buɗe mata, shi ne ta same ni a gida nan Agege wai Gwaggo ina ake hawa motar Seme, kan iyakar da ake tsallakawa zuwa Kwatano, Mile 2 ne har yanzu? Nace ke da wa za ki? Tace ita kaɗai, wai ƙawayenta in ta je da su sai sun ga inda take saro kaya su kwashe mata kwastoma, kuma kar in faɗa wa babanta sai ta dawo. Wallahi jikina sanyi ya yi, don maganar da na yi ce da bakina shekarun baya, har da kar a faɗa wa kowa ɗin.

Ni da ayari na fara zuwa Kwatano. Mata ne 'yan unguwarmu da wasu daga Idi Araba da Mile 12, akwai wata dattijuwa da ke mana jagora, ta san 'yan canji, ta san masaukin da ke Zongo, tana ɗan jin Faransancin ciniki. Kuma dai a faɗi gaskiya, tafiya da mata da yawa akwai wahala. A ce a haɗu bayan asuba, sai rana ta take wata ba ta fito ba, wata a tsakiyar kasuwar Dantokpa za ta ce kuɗinta sun gaza a ranta mata, ki ranta, ki dawo Legas kina bin bashi kamar ke ce mai laifi. Wanda ya fi ci min rai, akwai wani shago da na samo da kaina bayan yawon da ƙafata ta kumbura, zanen da babu irinsa a kasuwar Balogun ta Legas a lokacin, wata cikinmu ta bi ni a baya ta saro irinsa ta zo tana karya farashi a gidajen biki ɗaya da nake kai nawa. Har yau in na tuna ban ga laifina ba da na ji haushi. Jarina kuɗin adashe ne, ba wanda ya ba ni kyauta.

Toh sai na yanke zan riƙa zuwa ni ɗaya. Maigida na san ba zai yarda ba, sai nace masa Balogun zan shiga, zan biya Idumota, ƙila in yi dare. Wannan ƙaryar ita ce abin da har yanzu nake neman gafarar Allah a kai, ba tafiyar kanta ba, ko da yake in na ce haka kamar ina wanke tafiyar ne, kuma ita ma ba ta wanku ba.

Farko abin ya yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Na fita da wuri, na tsallaka Seme, na canza naira zuwa sefa, na hau ɗan acaɓansu masu rigar nan ruwan ɗorawa, na gama sayayya ba mai ce min jira ni, na dawo na tarar da sallar isha'i a ɗakina. Riba ta fi ta da. Shi ya sa na ƙara, na kuma ƙarawa, har na fara ganin matan ayarin nan kamar ba su waye ba.

Ranar da abin ya juya, zazzaɓi ne ya rufe ni a cikin kasuwa. Ba ɓarawo ba, ba hatsari ba, zazzaɓin cizon sauro da nake ji tun a gida na raina shi. Ga ƙunshin kaya biyu a gabana, kaina na juyawa, ina son shiga banɗaki babu wanda zan ce riƙe min, ina son yin sallah babu mai tsaron kaya. Yaran yanzu ba sa kawo wannan a lissafi, suna tunanin haɗarin tafiya sai bindiga. Mace ita kaɗai da kaya a baƙon wuri ko fitsari sai ta yi shawara da zuciyarta. Na bar wa wani mai shago ajiya da hannu da ƙafa muke magana don ba ma jin yaren juna, na dawo ƙunshi ɗaya ya yi ƙafa, shi yana rantsuwa ni ina kuka, ba shaida. Layin wayata kuma ba ya aiki a can. Da ƙyar na ce wa ɗan acaɓa Zongo, don nan kaɗai na san zan ji Hausa, kuma a bakin masallaci wata tsohuwa mai sayar da koko ta gan ni ina rawar sanyi ta kai ni ɗakinta. Allah ya saka mata, ko sunan garinsu ban tambaya ba saboda halin da nake ciki.

A nan Legas kuwa maigida yana Balogun yana neman matar da ba ta taɓa shiga Balogun ranar ba. Kowa ya ce ai 'yan wan cans ne, ɓarayin nan masu ɗaukar fasinja a mota, suka ɗauke ni. An bi asibitoci, an kira Kano an tayar da hankalin mahaifiyata mai hawan jini. Su matan da na guda ɗin, waɗanda nake cewa sun cuce ni, su ne suka ce a duba Kwatano, dattijuwar nan ce ta hau mota ta zo Zongo tana tambaya gida gida. Kuma duk da haka, ina faɗa, wadda ta karya min farashi ba ta kyauta ba, wannan daban wancan daban.

Na zauna da niyyar in jero muku shawarwari da yawa, amma da na duba ba su da yawa.

Wani naki ya san inda kike. Ba ƙawar Instagram ba, wanda in kin ɓata zai sa takalmi ya fita nema. Lambar mota, tashar da kika hau, inda za ki kwana. Abin da ke ba ni haushi da ku, yarinya za ta ɗora hoton kan iyaka a status mutum ɗari uku su gani har da wanda ba ya son ta da alheri, uwar da ta haife ta kuma an toshe ta kar ta gani. Haba dan Allah. Wayar da ke hannunku tana nuna wa mutum inda kike minti bayan minti, mu da muna da ita da ba a bi asibiti ana buɗe zani a fuskar gawa ana duba ko ni ce ba.

Hanyar da ba ki taɓa bi ba, kar ki fara ta ke kaɗai, shikenan. Bidiyon da kika kalla a TikTok na wata tana yawon ƙasashe ba zai gaya miki shingaye nawa ne tsakanin Agbara da Badagry ba, ko me za ki ce in an tsayar da ku. Dokar ECOWAS ta ba ki kwana 90 ba biza, gaskiya ne, amma sai da takardarki a hannu da katin rigakafi, kuma ki tuna a watan Agustan 2019 aka wayi gari an rufe kan iyaka, ba a buɗe Seme ba sai Disamban 2020, mutane nawa kayansu ya maƙale a can. Maganar muharrami kuma ku tambayi malamai, ni ba malama ba ce, amma ko Saudiyya da ta sassauta wa mata zuwa hajji ba muharrami a 2021, cewa ta yi cikin ayari.

Sai dai kar ki ji na ce ayari ki kwashi ƙawaye biyar sa'anninki kowa na danna waya, wannan gara ma ki tafi ke ɗaya, aƙalla kin san ba ki da kowa za ki buɗe ido. Eh na san yanzu na ce kar ki tafi ke kaɗai. Mace ɗaya nake nufi, wadda ta girme ki, ta san hanya, wadda za ki ji nauyinta ta ce tashi mu tafi la'asar ta yi ki tashi. Ita ɗin ma kar ta san nawa ne a jikinki, raba kuɗin gida biyu, wasu a jaka wasu a lalita. In ta ga shagon da kike saro kaya ta gani, ki haƙura, ki canza zane wata mai zuwa. Kuma in kin tashi da ciwon kai ko jikinki ba daɗi ranar tafiya, ki fasa, ko kin riga kin karɓi kuɗin mutane, ki kira su ki ce sai wani satin.