Ƴan Wasan Dindindin da Baƙi: Yadda Muke Zuba Mutane a Fim ɗin Ƴan Sanda a Yamai

Ƙaramin kamfani gare mu a Yamai. Aikinmu nemo ƴan wasa ga masu shirya fina-finan talabijin, mu tsara musu ranakun aiki, mu bi haƙƙinsu har a biya su. A cikin shirye-shiryen da ke zuwa hannunmu babu mai buƙatar jama'a kamar fim ɗin binciken laifi. Labarin rikicin gida yana iya shekara da fuskoki 15. Na ƴan sanda kuwa kowane kashi da sabuwar gawarsa, da sababbin waɗanda ake zargi, da shaidu, kuma mafi yawansu ba za a sake ganinsu ba.

A ɗauki zango mai kashi 12, kowane kashi minti 26. Ƴan dindindin, masu fitowa a kowane kashi, ba sa wuce 6 zuwa 8: komiser, insifekta biyu, mai gabatar da ƙara, likitan da ke duba gawa, sai wani daga gidan ɗaya daga cikinsu don a riƙa ganin rayuwarsa bayan aiki. Akwai masu leƙowa lokaci-lokaci, kamar 4 ko 5: mai shayin bakin komisariya, lauya, ɗan jarida, da yaron kasuwar Katako mai kawo wa insifekta labari a ɓoye. Sai baƙi, masu fitowa a kashi ɗaya su wuce, 5 zuwa 7 a kowane kashi, wato tsakanin mutum 60 da 84 a zango guda, kowa da magana a bakinsa. Figiran, masu cika kasuwa da zaman makoki, lissafinsu daban ne.

Kafin a kira kowa sai an tsefe labarin. Kowane rol yana da layinsa a takarda: sin (wato fitowa) nawa yake da shi, a wane wuri, da rana ko da dare, wane harshe yake yi, shekarunsa, zai mutu ko zai dawo. Shafi ɗaya na rubutu kusan minti ɗaya ne a allo, da shi ake ƙiyasta kwanakin kowa. A nan ne ake gano cewa marubuci ya sa shaidu uku su faɗi abu ɗaya. Sai mu ba da shawarar a haɗe su su zama mutum guda, kuɗi ya ragu, rol ɗin kuma ya yi nauyin da ɗan wasa na ƙwarai zai yarda ya karɓa.

Furodusoshi sun fi zuba ido a kan ƴan dindindin, tunda su ne a jikin fosta. Mu kuwa baƙi muka fi tsoro, don a hannunsu sirrin labarin yake. Mai kallo a unguwar Boukoki ko Talladjé ba ya buƙatar bincike: da zarar ya ga fitaccen ɗan wasa ya fito a matsayin direban marigayi, ya yi magana biyu ya wuce, ya san shi ne ya yi kisan, domin ba a ɗauko babban mutum don magana biyu. Kashin ya mutu tun minti na biyar. Maganin abin hanya biyu ce. Ko dai waɗanda ake zargi su uku su zama masu nauyi ɗaya a idon jama'a, ko kuma a ba fitaccen rol ɗin wanda kowa ke zargi alhali ba shi ba ne, a bar laifin a hannun fuskar da ba a sani ba. Ta biyun ta fi araha, sai dai idan aka yi ta kashi uku a jere ita ma an gano ta.

Matsala ta gaba tana jikin mai laifin kansa. Ɗan wasan da ya san shi ne ya yi kisan yakan fara wasan mai laifi tun sin ɗin farko: kallon gefe, haɗiyar yawu, murmushin mugunta. Shi ya sa ba ma ba baƙo labarin gaba ɗaya, shafukansa kawai yake samu, kuma muna roƙon darakta ya ɗauki tambayoyin farko kafin a gaya masa ƙarshen. Kowane ɗaya daga cikin ukun da ake zargi ana ba shi abin da yake ɓoyewa, wannan bashi, wancan auren sirri, don duk su zauna gaban insifekta da rashin natsuwa iri ɗaya. Raba shafuka yana kuma rage yawon labarin a WhatsApp kafin a haska shi.

Gwajin kastin, wato na zaɓen ƴan wasa, ba ya ɗaukar lokaci. Shafi biyu, waya a kan ƙafa uku, ɗan wasa a zaune kamar mita ɗaya da rabi daga kyamara. Ya karanta yadda ya fahimta, sannan a sauya masa umarni, a ce yanzu ka yi kamar kana jin tausayin wanda kake yi wa ƙarya. Wanda ya maimaita na farko daidai wa daida ba zai ji maganar darakta ba ranar ɗauka. Daga nan a bar shi daƙiƙa 20 yana sauraron zargi ba tare da ya ce uffan ba. Rabin fim ɗin bincike sauraro ne, kuma a nan ƴan wasan daɓe da na rediyo suke faɗuwa, duk da gwanintarsu: sun saba jefa murya har kujerar ƙarshe ta dandalin wasanni na Centre Culturel Oumarou Ganda, kyamara kuwa motsin gira ma ya ishe ta.

Harshe yana da nasa rigimar. Komisariyar Yamai wuri ne da ake cakuɗa Hausa da Zabarmanci da Faransanci a zance guda, don haka insifektan da ba ya iya juyawa tsakaninsu ba ya kama da na gaske. Hausar ma ba ɗaya ba ce. Idan labari ya ce marigayin ɗan Adar ne, ɗan'uwansa da ya zo daga Tahoua karɓar gawa ba zai buɗe baki da Kananci ba, kuma Ba'are na Dogondutsi ba ya magana kamar mutumin Damagaram. Masu kallo suna yafe hoto mai duhu, amma wannan ba sa yafe shi. Har kiran da ake wa komiser muna dubawa: dattijon ƙauye zai ce ranka ya daɗe, matashin gari ya ce shef.

Ƴan dindindin kuma sai sun koyi tsarin ƙasar nan, ba na fina-finan Amurka ba. A gari ƴan sanda ne, a karkara jandarma. A laifin gama-gari ana tsare mutum awa 48, mai gabatar da ƙara ne ke da ikon ƙarawa, babban laifi kuma yana wucewa hannun alƙali mai bincike. Muna ɗauko tsohon jami'in da ya yi ritaya ya zauna da su kwana biyu ko uku, ya nuna musu gaisuwa, da riƙon ankwa, da yadda ake rubuta bayanin shaida a sa masa hannu. Kaki da bindigar roba ba a fita da su titi sai da takarda: izinin ɗauka daga CNCN, cibiyar fina-finai ta ƙasa, da sanarwa ga hukumar ƴan sanda da mai unguwa. A halin tsaron da ake ciki, mutum huɗu da kaki da abin da ya yi kama da bindiga a lungun unguwar Harobanda ba abin wasa ba ne.

Ba a ɗaukar zango kashi bayan kashi, wuri bayan wuri ake bi. Duk sin ɗin ofishin komiser na zangon gaba ɗaya ana iya gama su cikin mako biyu, sannan a koma gidaje, sannan titi. Ga kuɗi wannan daidai ne, ga baƙo kuwa yana nufin za a yi masa tambayoyi a watan Fabrairu, a ɗauki kamunsa a Afrilu, alhali a labari awa uku ce tsakani. Cikin wata biyun nan mutum ya yi aski, ko ya bar gemu, ko azumi ya rage masa kumatu, mace ta yi lallen biki wanda ba zai goge ba sai bayan makonni. Don haka ranar farko ana ɗaukar kowa hoto gaba da gefe, har hannuwa da takalmi, kayan rol ɗin kuma suna kwana a wurinmu cikin leda mai suna da lambar kashi, ba a tafiya da su gida. Inda hali ya yi, muna matsa wa mai tsara ranaku ya tattara aikin baƙo cikin kwana 2 ko 3 a jere. Wanda zai zo daga Tahoua tafiyar fiye da kilomita 500 ce ta Konni da Dosso, yini guda a mota, ba a kiransa sau biyu. Baƙo daga Kano yana jawo masu kallo, amma rufe iyakar da aka yi daga 2023 zuwa Maris 2024 ya isa ya hana kowa ɗora ƙarshen zango a kan wanda ke ƙetare.

Rol ɗin gawa shi ne wanda ake rainawa, shi ne kuma ya fi ɓata lokaci. Ana buƙatar mai iya riƙe numfashi daƙiƙa 15 zuwa 20, fatar idonsa ba ta rawa, kuma a ajiye kyamara inda jijiyar wuya ba za ta nuna bugu ba. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, ƙasa ba ta kwantuwa bayan ƙarfe goma, don haka sin ɗin gawa na sassafe ne, da tabarma a ƙarƙashi an rufe ta da yashi. Jinin kuwa suga kofi 2 ne da ruwa kofi 1, a dafa ya yi kauri, a sa jan kalar abinci da cokali guda na garin koko don ya yi duhu. Yana kyau a kyamara, amma ƙuda da tururuwa suna sonsa, gawa kuma ba ta kore ƙuda, sai an tsayar da mai fifita har a ce a fara. Rigar da za ta ɓaci ana ɗinka ta guda uku iri ɗaya. Tun a kastin ake tambaya ko mutum ya yarda a sa masa likkafani, don da yawa ba sa yarda, wasu kuma su sun yarda amma iyaye sun hana.

Haka ma rol ɗin mugu, musamman ga mata. Zalika Souley, wadda ta fara fitowa a fim a 1966 ta rasu a 2021, ta sha tsangwama a garin nan saboda mutane sun ɗauki halin matan da take fitowa a matsayinsu halinta ne. Abin ya ragu amma bai ƙare ba. Matar da za ta fito a mai sa wa kishiya guba, ita kam ba ma ɓoye mata ƙarshen, muna gaya mata komai tun farko, mu ba ta kwana biyu ta yi shawara da gida. Gara ta ƙi yau da ta janye bayan an ɗauki rabin sin ɗinta. Yara kuwa sai da sa hannun uba ko uwa, babba na gida yana wurin, kuma ba a ajiye su kusa da gawa ko da ta wasa ce; ana ɗaukar fuskarsu daban a haɗa wajen tacewa.

Biya iri uku ne. Figiran a sallame su da yamma, hannu da hannu, da kuɗin taksi. Baƙo ana lissafa masa da yini, rabi ranar farko, rabi ranar da ya gama, na nesa a tura masa ta kamfanin aika kuɗi, Nita ko Amana. Ƴan dindindin da kashi ake biyansu. Takardar kwantiragi shafi ɗaya ta isa, muddin ta faɗi ranaku, da kuɗin ranar da aka ƙara idan ruwa ko yankewar wuta ya ɓata aiki, da hana aski, da dawowa gyaran murya sau ɗaya, da inda za a haska shirin. Wannan na ƙarshen shi ya fi haddasa faɗa: an yi magana a kan tashar gida kamar Télé Sahel, daga baya mutum ya ga kansa a YouTube, ya ce ba haka aka yi da shi ba.

Ga ƴan dindindin muna ƙara layi ɗaya, na farashin zango na biyu, a sa hannu tun ba a haska na farko ba. Idan aka bari sai shiri ya karɓu, insifektan da yara ke kiran sunansa a titi zai ninka kuɗinsa, furodusa kuma ba shi da abin yi sai ya biya, ko ya sa marubuci ya yi masa canjin wurin aiki zuwa Diffa a kashi na farko.