Ƴan kifin bas a bakin kogin Tamar

Jiya da yamma na tsaya bakin kogin Tamar a Plymouth, nan Ingila, inda ruwan daɗi ke haɗuwa da na gishiri. Teku na fara cikowa, sai ga ƴan kifin bas, ba su wuce ɗan yatsa ba, suna ƙyalli kamar azurfa a ruwan da bai kai idon sawu ba. Can cikin teku fa aka ƙyanƙyashe su, igiyar ruwa ta kwaso su har nan! A wannan mashigi za su yi shekara 4 ko 5 suna cin ƙananan jatan lande kafin su koma. Wanda bai kai santimita 42 ba, doka ta ce masunci ya mayar da shi ruwa. Wallahi na daɗe a tsugune, sanyi na ratsa ni, na kasa tashi.