Talata: ni da Kawu a Mambayya

Yau ban yi niyyar leƙa ko ƙofar gida ba, sai Umma ta ce in raka Kawu karɓo magani, ƙafarsa ta sake tashi. Rana, ƙura, layi. Mun dai gama kafin azahar.

A hanyar dawowa, muna shiga Gwammaja ya taɓa kafaɗar mai adaidaita: "Tsaya nan, yaro." Na ce, "Kawu, lafiya?" Ya ce zai gaida Malam.

Ni a wurina Mambayya wurin taro ne. Sau biyu na taɓa shiga ɗakin taro na Sa'adu Zungur, kuma abin da na fi tunawa shi ne neman kujera kusa da fanka. Na san gidan Malam Aminu Kano ne, na san tun 2000 ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero. Iyakata ke nan. Yau ma na fara jin cewa sunan mahaifiyar Malam gidan ya ci, Mambayya laƙabinta ne. Kawu ya kalle ni kamar na ce ban san Dala ba.

Muna shiga ya rage sauri. Sai nuni yake da sanda. Wai nan suke shimfiɗa tabarma lokacin zaɓen 1979, da Malam ya tsaya takarar shugaban ƙasa a PRP, jam'iyyar mai alamar makulli. Can kuma yake jingine kekensa. Ya ce mai faci da ɗan dako da malamin makaranta duk tabarma ɗaya, ba mai tambayarka wa ya aiko ka. Zamanin NEPU, tsohuwar jam'iyyar Malam da aka kafa a 1950, yana ɗan ƙarami, amma har yau in ya ce "Sawaba" sai muryarsa ta canja.

Da muka isa kabarin, don a cikin gidan aka binne Malam, ya cire takalmi ya daɗe yana addu'a. Ranar da Malam ya rasu, 17 ga Afrilu, 1983, ya ce, ko ƙofar bai iya kaiwa ba saboda jama'a.

Sai ya juya yana neman inda yake ajiye keken. Ya nufi dama, ya dawo, ya nufi hagu. Sababbin gine-gine ko'ina, ofisoshi, motoci a jere. Ni kuma da shegen baki na ce, "Kawu, ai gara da aka gyara. Gidajen manya nawa ne suka zama kango a garin nan?"

Ya yi shiru. Can ya ce, "Ban ce ba a kyauta ba, 'yar nan. Cewa na yi ban gane hanya ba."

Har yanzu maganar na cina. Abin da na faɗa gaskiya ne, kuma gobe ma haka zan ce: da ba a riƙe gidan ba, da yau ba mu samu inda za mu tsaya ba. Amma shi ba gardama ya zo yi ba. Wurin kekensa yake nema, ni kuwa ina duba agogon waya don Yaya ta ce in biya mata kasuwa.

Ban biya ba.

Da dare tuwon ma loma uku ya yi. Auta ta tambaye shi ina muka tsaya muka daɗe, ya ce, "Gidan wani abokina." An ɗauke wuta tun magariba, ga sauro. Maganin na cikin jakata, sai da safe zan miƙa masa.