Yaro tsakanin sallar gida da sallar makaranta

Ƙannena masu ƙananan yara a Makka da Jidda, rainon ɗa a kan addinin iyayensa ba abin muhawara ba ne a wurinmu. Aya ta 6 a Suratut Tahrim ta ɗora mana kare kanmu da iyalanmu daga wuta. Inda muka yi tuntuɓe, mu da muka riga ku samun 'ya'ya a ƙasar nan ta Saudiyya, shi ne mun ɗauki mazhabar gidanmu ita ce addinin gaba ɗaya, muka bar yara a tsaka mai wuya.

Ga yadda abin ke faruwa. Uba ya tashi a Malikiyya, ya karanta Ahalari da Iziyya: yana sakin hannu, yana ƙunutun asuba a asirce kafin ruku'u, sallama ɗaya. Yaro ya shiga makaranta, fiƙihun da ake koyarwa ya ginu a kan Hambaliyya. Ya je Harami ya ga liman ya kama hannu, ya yi sallama biyu, asuba ba ƙunuti. Sai ya dawo ya ce, "Baba, ustaz ya ce ba haka ake yi ba." A nan muka riƙa ɓata lamari, mu daka masa tsawa ko mu ce ustaz bai sani ba. Yaron da aka rushe masa malami a gida, aka rushe masa uba a aji, kafin ya kai shekara 15 ya daina yarda da kowa. Ku zaunar da shi tun ranar farko, ku ce masa Imam Malik na Madina da Imam Ahmad mai mazhabar Hambaliyya duka malaman Sunna ne, sallar kowannensu ta inganta, kuma a bayan liman ana bin liman.

Karatun Alƙur'ani ya fi wannan ruɗarwa. Mu da ruwayar Warshu muka tashi, halƙar masallaci kuwa, wato da'irar da yara ke zama koyon Alƙur'ani, ruwayar Hafsu ce. Yaro ya ja "maliki" a Fatiha, uba ya ce ya gajarta. Ya ce "yu'minuna" da hamza, uba ya ce "yuminuna". Rubutun ma daban: a mus'hafinmu fa tana da ɗigo a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, a na Hafsu kuwa ɗigo ɗaya a sama fa ce. Yaro ɗan shekara shida zai karanta ƙaf ɗinmu a matsayin fa, a dake shi a kan laifin da ba nasa ba. Ku tsayar masa da ruwaya ɗaya, wadda yake biyawa a halƙa, har ya sauke. Warshu ba za ta gudu ba. Maɗaba'ar Sarki Fahad da ke Madina tana buga mus'hafinta, ya same ta daga baya.

Hadda kuma kada ku yi gaggawa. Aya uku zuwa biyar a rana sun ishi ƙaramin yaro, tilawar baya ta fi sabon karatu yawa. Ma'anar ku faɗa masa da Hausa, domin Larabcin unguwa da yake ji a Shara Mansur ta Makka ba shi zai fassara masa Suratul Ma'un ba.

Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya ce a umarci yara da salla suna da shekara bakwai, a dake su a kanta suna da goma. Mun riƙe dukan, mun manta da shekara ukun da ke tsakani, alhali su ne lokacin koyarwa. Sakamakon a bayyane yake: yaro ya shiga bayi, ya buɗe famfo don a ji ƙarar ruwa, ya shafa a fuska, ya fito ya yi dungure huɗu ba alwala. Tsoron uba yake yi wa salla. Ku tsaya tare da shi a bakin famfo mako biyu, ku duba gwiwar hannu da dunduniya, nan ne ruwa ke tsallakewa. Ku fara da magariba, lokacin da kowa ke gida, in ta zauna ku ƙara isha. Asuba ta zo a ƙarshe, kuma ta hanyar kwantar da shi da wuri, ba yayyafa masa ruwan sanyi ba.