Kwana Shida a Kashmir

Likitoci a Delhi suka ce yayana ya dakata mako biyu kafin a sake duba inda aka yi masa aiki. Matarsa na tare da shi, sai ya dube ni ya ce, "Auta, zaman asibitin ya ishe ka haka. Je ka gano mana Kashmir ɗin nan." Mu da muka tashi a Mubi da kallon finafinan Indiya, duk inda aka nuno ƙanƙara a kan dutse da lambun furanni, Kashmir muke kiransa. Shekaranjiya na dawo gida, har yanzu jakata ƙamshin za'afaran take yi.

Ana tsallake duwatsun Pir Panjal a jirgi sai ga kwari a shimfiɗe kamar faifai, kogin Jhelum yana lanƙwasa a tsakiyarsa. Srinagar, babban birnin kwarin, tana kan tudu kusan mita 1,600 daga teku, daidai da tsaunin Mambila ke nan, amma a can wannan tsayin shi ne gindi. Ina sauka wayata ta mutu murus: layin da na saya a Delhi, irin wanda ake sa wa kati, ba ya aiki a Kashmir saboda dokar tsaro. Aka ware mu baƙi, aka ba mu takarda mu rubuta inda za mu kwana da ranar tafiya.

Masaukina gidan katako ne a kan tafkin Dal, an sassaƙa shi ciki da waje. Mai gidan dattijo ne mai jan gemu, Baba Alhaji nake ce masa. Ya ce irin waɗannan gidaje sun yawaita ne zamanin da sarakunan Dogra masu mulkin Kashmir suka hana Turawan Ingila mallakar fili, sai suka koma zama bisa ruwa. Kuɗin da ya yanka mini bai kai rabin abin da na gani a intanet ba. Tun da aka kashe mutum 26 a Pahalgam, wurin yawon buɗe ido a Kashmir, a watan Afrilun 2025, Indiya da Pakistan suka yi kwana huɗu suna ɓarin wuta a watan Mayu, baƙi suka ɗauke ƙafa. Na shirya ciniki irin na kasuwar Mubi, amma da na ga ɗakuna huɗu babu kowa sai ni, ban iya cewa a rage ba.

Sanyin ƙarshen Oktoba ya fi na hunturunmu cizo, su kuwa cewa suke bai fara ba tukuna. Kowa sanye da burmemiyar riga mai suna feran, a cikinta kuma yana rungume da kangiri, ɗan kasko cike da garwashi wanda aka saƙa wa kwando. Kakata kaskonta a ƙarƙashin gado take ajiyewa, su nasu da shi suke yawo har kasuwa. Da safe aka kawo mini shayi ruwan hoda, na kurɓa sai na ji gishiri. Da wani abu mai kama da kanwa suke dafa shi, sannan a zuba madara. Ban saba da shi ba har na taho. Amma kahwa, mai za'afaran da kirfa da ɓarzajjen almon, wannan kam na sha har na daina ƙirga kofi.

Abin da ya fi ratsa ni asuba ce. Bayan an sallame sai masallaci ya ɗauki zikiri da salati da babbar murya, baki ɗaya, kamar wazifa a zawiyyar unguwarmu. Auradin Sayyid Ali Hamadani ne, malamin Farisa da ya shigo kwarin a ƙarni na 14. Ban san yarensu ba, amma na iya abin da suke faɗa.

Rana ta uku muka nufi Pampore, inda ake noman za'afaran. A hanya aka tsayar da dukkan motoci don ayarin soja ya wuce, muka yi wajen minti arba'in. A shingen gaba wani jami'i ya karɓi fasfona, yana ganin Najeriya ya yatsine fuska, ya ce me na ɓoyo a jaka. Ya zazzage kayana a kan mota, ya cillo mini fasfon. Wannan na shanye, baƙo ne ni. Wanda ya tsaya mini a rai shi ne tsawar da ya daka wa direbana, mutumin da ya isa ya haife shi, a ƙofar garinsu, shi kuma yana ta sunkuyar da kai. Mun san shinge, mun sha shi a hanyar Yola bayan abin da ya sami Mubi a 2014. Amma mu muna sa ran ranar da za a ɗauke namu. Direban ya ce shi tun yana saurayi, a 1989, yake cikin wannan.

Gonakin kuwa shuɗi-shuɗi har iyakar gani. Kowane fure zare uku ne kacal a cikinsa, da hannu ake tsinka, sai an tara fure wajen dubu 150 kafin a sami kilo ɗaya. Wani manomi ya jefa zare a ruwan sanyi ya nuna mini: na gaske a hankali yake sakin launin rawaya, na jabu nan take yake rina ruwan ja. Ya ce rupi 350 giram ɗaya, na taya 250, muka daidaita a 300, ya ƙara mini gyaɗar dutse cike da aljihu. Wanda ya ga wahalar tsinkar ba zai ce da tsada ba.

Daren nan Baba Alhaji ya ja ni bikin ɗan ƙanwarsa. Mutum huɗu-huɗu ake zama a kan babban tiren jan ƙarfe, da hannu ake ci, kamar gida. Nama iri-iri ake ta jerowa a kan shinkafa, na ƙarshe shi ne gushtaba, curin naman da aka kirɓa a kan dutse aka dafa da kindirmo. Ba wanda ya tambaye ni wa ya gayyace ni.

Da muka koma, kangiri a tsakaninmu, na tambaye shi asalin rigimar Kashmir. Ya ce, "Ɗana, a 1846 Turawa suka sayar da mu ga sarkin Dogra, Gulab Singh, a kan rupi miliyan bakwai da rabi, mu da gonakinmu." A 1947 da aka raba Indiya da Pakistan, sarkin Hindu ne, Hari Singh, talakawansa kuma akasari Musulmi. Mayaƙan ƙabilu suka kwararo daga Pakistan, shi kuma ya sa hannu ya bi Indiya a watan Oktoba. A 1948 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a yi ƙuri'ar raba gardama, bayan Pakistan ta janye mayaƙanta, Indiya ta rage sojojinta. Ba wanda ya matsa. Yau ƙasar kashi uku ce, har da Sin mai riƙe da yankin Aksai Chin. Ranar 5 ga Agustan 2019 kuma Indiya ta soke sashe na 370 na tsarin mulkinta da ya ba Kashmir ɗan cin gashin kai, aka yanke intanet wata da watanni.

Sai na tuna kakana. Mubi ma ai ba Najeriya ba ce a da, yankin amana ne na Arewacin Kamaru. A Fabrairun 1961 wannan Majalisar dai ta kawo akwati, aka ce Najeriya ko Kamaru, kakana ya jefa tasa, magana ta ƙare. Da na ba Baba Alhaji labarin sai ya yi shiru, can ya ce, "Ku an tambaye ku ke nan." Ɗan baffansa yana Muzaffarabad, a ɓangaren da Pakistan ke riƙe da shi, kilomita 170 kawai daga Srinagar. Motar da aka buɗe tsakanin garuruwan biyu a 2005 an tsayar da ita a 2019, kuma su biyun tsufa suke yi. Bai ɓoye mini laifin nasu ɓangaren ba: ya ce maƙwabtansa Hindu 'yan asalin kwarin, Pandit, tsoron 'yan bindiga ya kore su a 1990, gidansu yana nan ya ruɓe. A ganina duk mai cewa ƙasar nan tasa ce, daga Delhi ko daga Islamabad, ya fara zuwa ya zauna gaban tsohon nan ya ji ta bakinsa.

Sauran kwanakin gudu suka yi. Na hau motar igiya a Gulmarg har kusan mita 4,000, na taɓa ƙanƙara, numfashi ya yi mini wuya, masu dawakai kuma suka dame ni da naci. Na yi azahar a babban masallacin Srinagar mai ginshiƙan katako 378. Lambun Shalimar da Sarki Jahangir ya gina a 1619 na leƙa shi a gurguje, ganyen bishiyoyin cinar ya fara ja.

Ranar tafiya Baba Alhaji ya raka ni gaɓa a kwalekwalensa, ya miƙo mini sabon kangiri ya ce na kai wa mara lafiya. Tun daga ƙofar shiga filin jirgi aka fara caje kaya, sau uku ana juya kaskon ana leƙa cikinsa kafin a bar ni na wuce da shi.